Kwamfuta mai zagayayyen kai da rumbun wuta: a karanta kafin a biya

Yawan ɗaukewar kuran ya sa ma'aikata da ƴan kasuwa da dama sun koma ga ɗan akwatin nan mai ajiye wuta da ake kira pawa-bank. Wayar salula takan karɓe shi ba gardama, amma tsohuwar kwamfutar hannu mai zagayayyen ramin caji tana da nata sharuɗɗa guda ukku. Wanda ya san su ya tsira da kuɗinsa da aikinsa. Wanda ya jahilce su yakan sayi kaya sau biyu, wani lokaci har ya haɗa da ƙona na'urarsa.

Duk wanda ya taɓa zama cikin biro a Maraɗi ko Damagaram tsakiyar watan Afrilu ya san yadda abin yake. Ƙarfe ɗaya na rana, fanka tana juyi tana kaɗa iska mai zafi, sai kawai ta yi tsit. Ma'aikacin da ke tsara takardar albashi ko jerin sakamakon jarrabawa ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki, sa'an nan ya dubi kusurwar allon kwamfutarsa, ya tarar saura minti ashirin, in ma batir ɗin yana da sauran rai ke nan. A kasuwa ma haka zancen yake. Ɗan kasuwan da ya ajiye littafin bashi ya mai da lissafinsa cikin na'ura, yana kuma jiran takardar kaya daga Kano ko Lome, sai ya zauna ya buga tagumi, lokaci yana wucewa.

Wannan matsala tana da tarihi. Shekaru da dama Nijar ta dogara ga maƙwabciyarta Najeriya wajen samun kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nigelec yake rarrabawa: Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram kuwa ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta, bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, wuta kuma ta dawo cikin watan Maris. An gina tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023, duk da haka bazara takan zo da buƙatar da ta fi ƙarfin abin da ake samarwa. Waɗannan watanni sun koya wa jama'a darasi: mai aiki da na'ura ya tanadi wutarsa, kamar yadda manomi yake tanadin hatsi a rumbu.

Ba kowa ke da halin sayen gurup da zuba masa esansi kullum ba. Shi ya sa ido ya koma kan pawa-bank, wato rumbun wuta, mai shiga jaka, marar ƙara, marar hayaƙi. Sai dai galibin kwamfutocin da ke hannun jama'a ƴan gwanjo ne, sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso, kuma ramin cajinsu zagayayye ne, ana cusa masa kai mai kama da guntun bututu. A nan ne rikicin yake farawa.

Dalilin da ya sa rumbun salula ba ya isa

Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Mutum ya shiga kasuwa, ya ga akwati an rubuta masa 20.000 ko 30.000 da manyan lambobi, ya saya, ya haɗa da wata ƴar waya mai bakin USB a gefe ɗaya da zagayayyen kai a ɗaya gefen. Ya iso gida ya soka, kwamfuta ko gezau. Ya koma wurin mai kanti, mai kanti ya jona wa salula, ta kama caji nan take, ya ce to ga shi, kayansa lafiya lau. Dukansu biyu suna da gaskiya, kuma dukansu biyu ba su gane inda gizo ke saƙa ba.

Wutar lantarki tana da ma'auni ukku da ya kamata a rarrabe. Volt shi ne ƙarfin turi, kamar matsin ruwa cikin bututun famfo. Amper shi ne yawan abin da ke gudana. Wat kuma shi ne aikin da su biyun suke haifarwa, ana samunsa in an ninka volt da amper. Kwamfutar hannu kamar gidan bene take: komai girman tankin da ke ƙasa, in matsi bai kai ba, ruwa ba ya hawa.

Tsohon bakin USB mai faɗi, wanda kowa ya sani, volt 5 yake bayarwa. Rumbunan da aka ƙera domin salula, waɗanda ake rubuta musu wat 18 ko 22,5, sukan hau zuwa volt 9 ko 12, daga nan sun tsaya. Kwamfutar hannu kuwa tana neman abin da ya kama daga 18,5 zuwa 20. Dell da HP galibi 19,5 suke so, Acer da Asus da Toshiba 19, Lenovo kuma 20. Saboda haka rumbun salula, ko da ya kai tubali girma, ba shi da abin da zai yi mata. Lambar da ke jikin kwali tana faɗin yawan abin da aka ajiye ne kawai, ba ta ce komai ba a kan ƙarfin da zai fito.

Wayar da ke yin ciniki

Mafita ta zo ne da wani tsari da ake taƙaita sunansa da haruffa biyu, PD. An fara fitar da shi a 2012, sa'an nan a 2014 aka fito da sabon ƙaramin baki mai suna USB-C, wanda ake iya sokawa ta kowace fuska. A ƙarƙashin wannan tsari, mai ba da wuta da mai karɓa sukan yi ciniki kafin komai ya gudana. Rumbu ya baje kolinsa, ya ce yana da volt 5, da 9, da 15, da 20. Na'ura ta zaɓi wanda ya dace da ita. Sai an daidaita sa'an nan a buɗe ƙofa. In babu wanda ya yi magana, rumbu ba ya wuce volt 5. An yi haka da gangan domin kada a ƙona ƙananan kaya. Da farko iyakar tsarin wat 100 ce, wato volt 20 sau amper 5, har aka ɗaga ta zuwa 240 a shekarar 2021.

Sabuwar kwamfuta mai bakin USB-C na caji ta iya wannan ciniki da kanta. Tsohuwa mai zagayayyen rami kuwa ba ta jin wannan harshe, abin da aka ba ta shi take haɗiyewa. Don haka tana buƙatar dillali. Dillalin nan wata waya ce ta musamman, gefe ɗaya USB-C, ɗaya gefen zagayayyen kai, a cikinta kuma an ɓoye wata ƴar ƙwaƙwalwa wadda aikinta ɗaya ne tak: ta ce wa rumbu ya sako volt 20. Akwai kuma irinta a siffar ɗan guntun kai, wanda ake ɗora wa wayar USB-C ta yau da kullum.

Abin lura shi ne, irin waɗannan wayoyi kowace da volt ɗin da aka ɗaure ta a kai tun daga masana'anta. Akwai ta 9, akwai ta 12 wadda ake sa wa na'urar intanet ta gida, akwai ta 15, akwai ta 20. A ido duk ɗaya suke. Ta 12 ba ta tayar da kwamfuta, ta 20 kuwa in aka soka ta ga na'urar volt 12 tana iya kashe ta nan take. Mai hankali yakan ɗaura wa kowace alama tun ranar da ya saya. Bambancin da ke tsakanin 19 ko 19,5 da 20 kuwa ƙarami ne, bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba, kuma mafi yawan kwamfutoci suna karɓarsa ba tare da matsala ba.

Amsa tana jikin tsohuwar caja

Kafin a je kasuwa, wurin farko da za a duba shi ne bayan cajar da kwamfuta ta zo da ita. Akwai rubutu ƙanana da yawa, amma layi ɗaya ake nema, wanda ya fara da kalmar OUTPUT ko SORTIE. Nan za a ga lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da harafin A. A ninka su. Idan an ga 19,5 V da 3,34 A, wat 65 ke nan. Haka 19 V da 3,42 A, haka 20 V da 3,25 A. Idan an ga 19,5 V da 2,31 A, wat 45 ne. Idan kuma 19,5 V da 4,62 A ne, to na'urar mai cin wat 90 ce. Wanda cajarsa ta asali ta ɓace, ya juya kwamfutar ya dubi ƙarƙashinta, sau da yawa lambobin suna nan a rubuce, wani lokaci sai an cire batir ake ganinsu.

Da wannan lamba a hannu, sai a juya rumbun da ake son saye, a karanta nasa ƙananan rubutun. Dole a ga 20 V a jerin abin da bakin USB-C yake fitarwa. In babu, a ajiye shi, komai daɗin bakin mai talla. In akwai, a dubi amper ɗin da ke biye: 20 V da 1,5 A wat 30 ne, ba zai riƙe kwamfutar biro tana aiki ba. 20 V da 2,25 A wat 45 ne, 3,25 A wat 65, 5 A kuma wat 100. Ƙa'ida ita ce rumbu ya kai cajar asali ko ya fi ta. In ya fi ta babu illa, domin na'ura abin da take buƙata kawai take ja.

In ya gaza kuwa, ga abin da kan faru: kwamfuta ta ja fiye da ƙarfinsa, shi kuma ya yanke wuta domin kare kansa, sai a ga alamar caji tana zuwa tana ɓacewa. Wani lokaci rumbu mai wat 45 yakan iya cika batir ɗin kwamfuta mai wat 65 in an kashe ta ko an rufe ta tana barci, amma wannan dabara ce ta ranar tilas.

Akwai wasu tarkuna biyu a nan. Na farko, babbar lambar wat da ake bugawa a kwali sau da yawa jimillar duka bakunan ce. Da zarar an jona salula a baki na biyu, sai rabon kwamfuta ya ragu, har caji ya yanke na ɗan lokaci kafin a sake ciniki. Na biyu, wayar USB-C ta yau da kullum amper 3 take ɗauka, wato wat 60 a volt 20. Mai neman abin da ya wuce haka sai ya sami wayar da aka rubuta mata 5 A ko 100 W, wadda ita ma tana da tata ƴar ƙwaƙwalwa mai ba da shaida.

Kama da wane ba ta wane

Sharaɗi na ukku shi ne kai. Zagayayyun kawuna suna da yawa, ana kuma gane su da lambobi biyu na milimita, faɗin waje da faɗin ramin ciki. Toshiba da Asus da yawa suna amfani da 5,5 da 2,5. Acer ta saba da 5,5 da 1,7. Tsofaffin ThinkPad suna da babban kai mai 7,9 da 5,5, waɗanda suka biyo bayansu kuma kansu mai kusurwa huɗu ne, da launin rawaya a ciki. Ƙananan Lenovo na gida sukan zo da 4,0 da 1,7. Kan da ya shiga yana lilo ba alheri ba ne: yana yanke wuta, yana zafi, a hankali ya cinye ramin. Wanda ya ƙi shiga kuma kada a tilasta masa.

Dell da HP, waɗanda suka fi yawa a kasuwar gwanjo, suna da tasu al'ada. Dukansu suna da babban kai mai 7,4 da 5,0, da kuma ƙarami mai 4,5 da 3,0, kowanne da siririn tsinke a tsakiya. Wannan tsinke ba ya ɗaukar wutar aiki. Ta nan ne caja take gabatar da kanta, ta faɗi ko wat nawa take iya bayarwa. Dell tana karanta wata ƴar ƙwaƙwalwa da ke cikin cajar, HP kuma tana auna wata alama ta daban. Girman ɗaya ne, harshen daban. In Dell ba ta gane cajar ba, takan rubuta gargaɗi lokacin tashi, ta ci gaba da aiki amma ta ƙi cika batir, ta kuma rage saurinta har mai aiki ya yi zaton cuta ta shige ta. Saboda haka wayar da aka yi domin HP ba ta maye gurbin ta Dell, ko da ta zauna daram cikin rami. A nemi wadda aka rubuta sunan kamfanin a jikinta. A kuma lura da wat ɗin da wayar take shelantawa: in ta gaya wa kwamfuta akwai wat 90 alhali rumbu 65 yake da shi, kwamfuta za ta ja bisa abin da aka gaya mata, rumbu kuma ya yanke.

Saura batun fuska. Wutar batir tana da ɓangaren ƙari da na ragi. A jikin caja akwai ɗan zane mai ɗigo a tsakiya da rabin da'ira kewaye da shi, yana nuna wane ɓangare ne a ciki, wane ne a waje. A kusan duka kwamfutocin hannu, ƙari yana ciki, ragi yana waje. Wayar da aka ƙera domin kwamfuta ta riga ta bi wannan. Haɗarin yana wurin wayar da aka yanke aka haɗa da hannu a bakin titi. In aka juya fuska, babban allon da ke cikin na'urar, wanda masu gyara suke kira kat-mer, yana iya ƙonewa cikin ƙiftawar ido, kuɗin canza shi kuwa sau da yawa ya kusa kuɗin wata kwamfutar gwanjo. Kowane mai gyara na ƙwarai yana da mitar auna volt. Minti ɗaya ya isa ya tabbatar da lamba da fuska kafin a soka.

Dubu ashirin na wane kuɗi?

Ɗan kasuwan Maraɗi ba ya jin an ce dubu ashirin ya miƙa hannu, sai ya tambaya: naira ko sefa? Haka ya kamata a yi wa lambar da ke jikin rumbu. Wannan 20.000 da ake bi da haruffan mAh an lissafa ta ne a kan ƙananan batiran da ke ciki, masu volt 3,7. Kwamfuta kuwa a volt 20 take karɓa. Sai an yi canji zuwa ma'auni ɗaya, wanda ake rubutawa Wh, wato wat nawa cikin awa guda.

Lissafin ba shi da wuya. A ninka lambar da 3,7 a raba da 1.000. Rumbu mai 10.000 yana da Wh 37, mai 20.000 yana da 74, mai 27.000 kuma ya kusa 100. Kamar kowane canji, akwai la'ada: wajen ɗaga wuta daga 3,7 zuwa 20, da wajen sake sauke ta cikin kwamfuta, wani kaso yana tafiya a zafi. Daga cikin 74, abin da zai isa wurin aiki bai fi kimanin 60 ba. Batir ɗin kwamfutar biro yakan kasance tsakanin Wh 40 da 60, wato rumbu mai 20.000 cika ɗaya yake yi mata, in an yi sa'a da ɗan ƙari. Mai buga takardu da lissafi, wanda na'urarsa take cin kimanin wat 20, zai sami wajen awa ukku. Wanda ya rage hasken allo ya kashe abin da ba ya buƙata zai ƙara a kan haka. Mai kallon fim ko mai aikin zane zai ga ƙasa da haka.

Wannan lissafi yana kuma tona asirin jabu. Batir ɗin litiyom mai siffar ɗan yatsa da ake sawa cikin rumbuna da yawa ba ya wuce kimanin mAh 3.500, nauyinsa kuma ya kusa giram 50. Kafin a tara 20.000 sai an haɗa wajen guda shida, giram 300 ke nan tun ba a sa kwanso ba. Akwatin da aka rubuta masa 50.000 amma a hannu bai fi salula nauyi ba, ƙarya aka shirya a kwali. Araha ba ta ado.

Akwai kuma tambayar da mutane suke mantawa: shi rumbun, awa nawa yake ɗauka kafin ya cika? Da ƙaramar cajar salula mai wat 10, Wh 74 sai ya haura awa takwas. A garin da kuran yake zuwa ya koma, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Rumbun da ke karɓar wat 45 ko 65 ta bakin USB-C, in an haɗa shi da caja mai irin wannan ƙarfi, yakan cika cikin kimanin awa biyu. A dubi layin INPUT ko ENTRÉE kamar yadda aka dubi na fita.

Wasu hanyoyin

Wayar dillali ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai manyan rumbuna masu nasu zagayayyen bakin fita, da maɓallin zaɓen volt, 12 ko 16 ko 19, suna zuwa da tarin kawuna. Suna aiki, amma kuskuren yatsa ɗaya a kan maɓalli yana iya jawo asara, don haka a duba lambar kowane lokaci kafin a jona.

Mai shago ko gidan da ke da faranti mai zuƙar hasken rana da babban batir na volt 12 yana da wata dama. Ana sayar da cajar mota ta kwamfuta, wadda take ɗaga 12 zuwa 19 ko 20 kai tsaye. Ta fi tattali a kan bi ta na'urar da ke mai da wutar batir zuwa volt 220, domin a can ana canji sau biyu, ana biyan la'ada sau biyu. Abin da bai kamata ba shi ne ɗaura waya daga batir zuwa kwamfuta ba tare da komai a tsakani ba. Volt 12 ya yi kaɗan, na babbar mota kuma mai 24 ya yi yawa. A kuma sa fis kusa da batir, domin babban batir in wayoyinsa suka haɗu yana iya tayar da gobara.

Zafi da tafiya

Batir ɗin litiyom ba ya shiri da zafi. Masu ƙera shi galibi suna ƙayyade cajinsa tsakanin digiri 0 da 45, ga shi kuwa a Tawa ko Yamai zafin inuwa kansa yakan haura 40 a Afrilu da Mayu. Rumbun da aka bari cikin rufaffiyar mota, ko aka ajiye bisa tebur a rana, ko ake cajinsa ƙarƙashin matashin kai, yana tsufa da wuri, wani lokaci ya kumbura. Wanda ya kumbura, ko ya fara wari, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, kwanansa ya ƙare. A fitar da shi daga ɗaki, kada a huda shi, kada a jefa shi wuta tare da shara. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a watan Yuni 2025 kamfanin Anker ya janye rumbuna fiye da miliyan ɗaya daga kasuwar Amurka saboda haɗarin gobara.

Ƴan kasuwa masu hawa jirgin sama da mahajjata su ma akwai abin da ya shafe su. Ba a sa rumbun wuta cikin kayan da ake aunawa a tura ƙarƙashin jirgi, a jakar hannu yake tafiya. Iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba Wh 100 ce, shi ya sa rumbuna da yawa suke tsayawa a kan 27.000. Daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi. Masu zuwa saro kaya ƙasar Sin su sani cewa tun 28 ga Yuni 2025 an hana shiga jiragen cikin gida na ƙasar da rumbun da ba shi da tambarin CCC a jikinsa. Kamfanonin jiragen sama da dama sun ƙara tsananta dokokinsu, don haka tambaya kafin tafiya ta fi barin kaya a filin jirgi.

A gaban kanti

Tarayyar Turai ta kafa dokar caja ɗaya: salula da makamantanta daga 28 ga Disamba 2024, kwamfutocin hannu kuma daga 28 ga Afrilu 2026, duka da bakin USB-C. Ma'anar wannan ga kasuwannin Sahel a fili take. Yayin da can ake sauya kaya, masu zagayayyen kai za su ci gaba da gangarowa kudu cikin kwantena, su yi shekaru suna aiki a birori da shaguna da makarantu. Sanin yadda ake ciyar da su wuta zai daɗe yana da amfani.

Kafin a sayi komai, ya dace a duba gefen kwamfutar da kyau. Wasu na'urori na ƴan shekarun nan suna da rami biyu, zagayayye da kuma USB-C mai karɓar caji. In haka ne, babu buƙatar dillali. Amma ba kowane USB-C ne yake karɓar wuta ba, wani na musayar bayanai ne kawai, gwaji ne yake raba gardama.

Mai saye ya tafi kasuwa da kwamfutarsa da tsohuwar cajarsa, batir ɗin kuma ya zamana ya sauka ƙasa da rabi, domin cikakken batir ba ya jan wuta sosai, yana ɓoye aibin rumbu. A jona a gaban mai kanti, a kunna na'ura, a buɗe aiki, a ƙara hasken allo, a jira minti goma. In alamar caji ta tsaya ba ta yanke ba, lambar batir tana hawa, babu gargaɗi a allo, kai da waya ba su yi zafi ba, to ciniki ya faɗa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, a mayar da kaya tun kuɗi suna aljihu. Mai kantin da ya yarda da kayansa ba ya ƙin wannan gwaji, kuma shi ma riba ce gare shi, domin kayan da aka gwada ba ya dawowa da rigima.

Volt 20 a jikin rumbu, wat da ya kai na cajar asali, da kan da aka yi domin wannan kamfani: waɗannan ukku ake nema. Dukansu a rubuce suke, da ƙananan haruffa, a bayan kaya. Ma'aikacin da ke sa hannu kan takarda da ɗan kasuwan da ke karɓar rasit sun riga sun san cewa nan ne ya kamata ido ya fara sauka.